Furotin mai inganci: abin da ma'auni ke nunawa da abin da ke rakiyarsa a faranti

A watan Janairun 2026 gwamnatin Amurka ta fitar da sabon kundin shawarwarin cin abinci, inda ta ce baligi ya riƙa samun giram 1.2 zuwa 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Adadin da aka daɗe ana ambata shi ne giram 0.8. Kundin ya kuma fifita nama da ƙwai da madara mai cikakken maiƙo, alhali shekara goma kafin nan wani reshe na Hukumar Lafiya ta Duniya ya danganta wasu nau'o'in nama da sankarar hanji. Wanda ya ji waɗannan labarai biyu dole kansa ya ɗaure: a ƙara nama ne, ko a rage? Wake ya isa, ko sai an haɗa da wani abu? Wannan garin furotin da ake tallatawa fa?

Yawancin ruɗanin daga kalma ɗaya yake tasowa, wato "inganci". Masana na amfani da ita da ma'ana biyu, kuma sau da yawa ba sa faɗin wadda suke nufi.

Mene ne furotin?

Furotin shi ne sinadarin da aka fi sani da mai gina jiki. Da shi ake ƙera tsoka da fata da gashi, da jan sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jini, da garkuwar da ke yaƙar cututtuka, da sinadaran da ke narkar da abinci. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya ba da shawarar sunan a 1838, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ke sahun gaba.

Kowane furotin jeri ne na ƙananan tubala da ake kira amino asid, kuma guda 20 ne jiki ke aiki da su, kamar yadda ake haɗa dubban kalmomi daga 'yan baƙaƙe kaɗan. Jiki na iya ƙera 11 da kansa. Sauran 9 sai dai a ci su a abinci, shi ya sa ake kiran su na dole. Binciken William Rose a Jami'ar Illinois, wanda ya gano na ƙarshe a cikin tubalan a 1935, shi ya share fagen sanin waɗanda ɗan Adam ba ya iya yi in babu su. Huɗu daga ciki za su riƙa fitowa a wannan bayani: laisin, metiyonin, tiriftofan da lusin.

Jiki ba shi da rumbun ajiye furotin irin yadda yake tara kitse. Abin da ya wuce buƙata ana ƙona shi a matsayin makamashi ko a mayar da shi wani abu, ƙoda kuma ta fitar da ragowar ta fitsari. Idan kuwa aka rasa, jiki ya koma yana gutsurar tsokarsa.

Ma'ana ta farko: abin da ma'auni ke nunawa

A ɗakin bincike, ingancin furotin tambaya biyu ce. Shin yana ɗauke da tubalan nan 9 gwargwadon yadda jiki ke so? Kuma kashi nawa ne hanji ke iya tsotsewa?

Tambayar farko tana da sauƙin ganewa idan aka dubi kafinta mai yin kujeru. A ce yana da mazauni ashirin da majingini ashirin, amma ƙafafu takwas kacal. Kujera biyu zai haɗa, sauran katakon ya zauna a jibge. Haka jiki yake: tubalin da ya fi ƙaranci shi ke yanke yawan furotin da za a iya ginawa. A alkama da shinkafa da sauran hatsi, laisin ne ke ƙaranci. Masara ta haɗa ƙarancin laisin da na tiriftofan. Wake da danginsa suna da laisin a wadace, amma metiyonin ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙwai da madara da nama da kifi suna da dukkan taran daidai da buƙatar mutum, waken suya ma bai yi nisa da su ba.

Don a zuba wannan a lamba, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da wani ma'auni mai suna PDCAAS bayan taron masana na 1989. Ma'aunin ya yi aiki shekaru da dama, sai dai yana da aibi biyu. Na farko, duk abincin da ya zarce maki 100 ana yanke shi a 100, don haka madara da furotin ɗin waken suya sai su fito kunnen doki ko da akwai tazara a tsakaninsu. Na biyu, ana auna narkewar ne daga abin da ya fita a kashi, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke babban hanji sun riga sun cinye wani kaso da jiki bai amfana da shi ba. A 2013 hukumar abincin ta ba da shawarar a koma wani ma'auni, DIAAS, wanda ke auna kowane tubali shi kaɗai a ƙarshen ƙaramin hanji, kuma ba ya yanke maki. A wannan ma'auni madara da ƙwai suna haura 100, waken suya na kusa da 90, alkama ba ta kai 50 ba.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da waɗannan lambobi. Yawancinsu an samo su ne daga gwaji kan dabbobi, musamman ɓeraye da aladu, kuma ana gwada abinci ɗaya ne shi kaɗai. Ba wanda ke cin alkama tsagwaronta safe da rana da dare in yana da zaɓi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ba duk furotin ɗin dabba ne ke da maki mai kyau ba. Wanda ke cikin fata da jijiya da ƙashi, wato kolajin, kusan ba shi da tiriftofan ko kaɗan, saboda haka makinsa a ma'aunin PDCAAS sifili ne. Ana cin sa a ji daɗi, yana kuma ba da wasu tubala, amma ba ya tsayawa a madadin tsokar nama.

Wuta ma tana da nata rabon. Wani gwaji da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa hanji na tsotse kusan kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma kusan rabi kawai na ɗanye. Mai kwankwaɗar ɗanyen ƙwai don neman ƙarfi ya tafka asara biyu ke nan, ga rabin furotin ya wuce, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela. Ɗanyen wake da waken suya suna ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar furotin, jiƙawa da dafawa sosai su ke kashe su. Jan wake mai siffar ƙoda kuwa sai ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10, in ba haka ba yana sa amai da gudawa.

Hatsi da wake: giɓin wannan, cikon wancan

Tunda hatsi laisin ya rasa, wake kuma metiyonin, idan suka haɗu sai kowanne ya toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Al'ummomi a nahiyoyi daban-daban sun daɗe suna haɗa su tun kafin a san sunan tubalan. A shekarun 1970 an yaɗa cewa tilas ne a haɗa su a faranti ɗaya a ci lokaci ɗaya. Daga baya masana sun sassauta: jiki yana riƙe da wani ɗan tarin tubala da ke yawo a jini da tsoka, saboda haka baligi mai lafiya ya ci hatsi da safe, wake da yamma, lissafi zai daidaita.

Wannan sassauci yana da sharaɗi, wato abincin ya ƙosar kuma ya bambanta. Idan kalori, wato makamashin da abinci ke bayarwa, bai isa ba, jiki ƙona furotin zai yi don ya samu makamashi, komai ingancinsa. Wannan darasi an koye shi da tsada. A shekarun 1950 da 1960 hukumomin duniya sun ɗauka cewa ƙarancin furotin ne babbar matsalar yara masu tamowa, aka narka kuɗi wajen ƙera abinci mai tarin furotin. A 1974 likita Donald McLaren ya rubuta a mujallar The Lancet cewa an yi kuskuren ganewa: yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba.

Ma'ana ta biyu: abin da ya rako furotin

Ba a cin furotin zalla. Kowace loma tana tafe da 'yan rakiya, kuma a nan ne ma'anar inganci ta biyu take. Yankan nama mai kitse da kifin sadin na iya ba da furotin kusan daidai, maki ma daidai. Amma na farko ya zo da kitse mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga mummunan kolestarol a jini, na biyu kuma ya zo da man omega-3, da sinadarin kalsiyam in an tauna ƙayarsa mai laushi. Wake makinsa ƙasa yake da na nama, amma yana kawo harza, wato ɓangaren tsiro da ba ya narkewa a ciki, mai gyara hanji da rage saurin hawan sukari a jini, abin da babu shi ko kaɗan a nama da ƙwai da madara. Gyaɗa tana da furotin kusan giram 25 a cikin giram 100, tare da mai mai kyau, sai dai kalori ɗinta yana da yawa, kuma wadda ta yi fumfuna na iya ɗaukar gubar afilatoksin mai lahanta hanta.

Nama ma yana da nasa 'yan rakiyar na alheri. Bitamin B12 a abincin dabba kawai ake samun sa ta hanyar da za a dogara da ita, kuma rashinsa na jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Sinadarin ƙarfen da ke cikin nama ya fi na tsirrai saurin shiga jiki. Wanda ya bar abincin dabba kwata-kwata dole ya nemi B12 a ƙwaya ko a abincin da aka ƙara wa shi, kuma zai taimaki kansa in yana haɗa wake da abin da ke da bitamin C, kamar lemo ko tumatir.

Taƙaddamar jan nama

A Oktoban 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya naman da aka sarrafa a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Abin da take nufi shi ne naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarin naitarait, irin su sosej da naman gwangwani. Jan nama kuwa, na sa da rago da akuya da makamantansu, ta sanya shi a rukuni na 2A, wato mai yiwuwa yana haddasawa. Cibiyar ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum yana ƙara haɗarin sankarar babban hanji da kashi 18 cikin 100.

Wurare biyu ake yawan kuskuren fahimta. Rukuni na 1 yana nuna ƙarfin hujja ne, shi ya sa taba sigari ma tana ciki, amma ɓarnar taba ta ninka ta sosej nesa ba kusa ba. Kashi 18 ɗin kuma ƙari ne a kan haɗarin da mutum yake da shi tun asali. A misali, in mutum 5 cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwarsu, adadin zai koma kusan 6. Ga mutum ɗaya ƙarin bai da yawa, ga al'umma mai miliyoyin mutane kuwa rayuka ne masu yawa.

A 2019 wata tawagar masu bincike ta wallafa a mujallar Annals of Internal Medicine cewa hujjar da ake da ita ba ta yi ƙarfin da za a ce wa mutane su rage nama ba. Dalilinsu shi ne yawancin binciken na bibiya ne: ana tambayar dubban mutane abin da suke ci, a jira shekaru a ga wa ya kamu da me. Mai yawan cin sarrafaffen nama sau da yawa shi ne kuma mai shan taba, marar motsa jiki, marar cin ganye, ga shi mutane na mance abin da suka ci. Masu sukar tawagar, ciki har da malaman sashen kiwon lafiyar al'umma na Jami'ar Harvard, suka mayar da martani cewa ba zai yiwu a tsare dubban mutane shekara ashirin ana ciyar da su don gwaji ba, kuma alƙaluman da tawagar ta tattara da kanta sun nuna raguwar haɗari ga masu rage nama. Abin lura a nan shi ne ɓangarorin biyu kusan alƙaluma ɗaya suke kallo. Saɓanin yana kan yawan tabbacin da ake buƙata kafin a ba jama'a shawara.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: in an rage nama, da me aka maye gurbinsa? Binciken bibiya masu tsawo sun fi nuna riba idan kifi ko wake ko gyaɗa da danginta ne suka shiga. Wanda ya ajiye nama ya cika cikinsa da farin burodi da lemon kwalba bai ci wata riba ba. Asusun binciken daji na duniya mai hedikwata a Landan ya tsaya a tsakiya: jan nama kada ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, sarrafaffe kuma kaɗan ƙwarai ko a bar shi. Shi kansa sabon kundin Amurka bai cire tsohuwar iyakar kitse mai daskarewa ba, wato kashi 10 cikin 100 na kalorin yini. Masana da dama sun nuna cewa da wuya mutum ya ƙara jan nama da madara mai maiƙo sosai ba tare da ya tsallake wannan iyaka ba.

Nawa ne ya isa?

Rahoton haɗin gwiwa na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya sa giram 0.83 a kan kowane kilo. Mai nauyin kilo 70 zai buƙaci kusan giram 58 ke nan. An tsara wannan adadi ne don ya wadatar da kusan kowane baligi mai lafiya daga rashi. Bisa sabon lissafin Amurka, mutumin nan zai nemi giram 84 zuwa 112. Masu goyon baya suna cewa tsohon adadin na kare rashi ne kawai, ƙari kuma yana taimakon tsoka da riƙe ciki. Masu ja da baya suna cewa yawancin Amurkawa tuni sun wuce tsohon adadin, kuma ƙarin furotin ba ya zama tsoka in ba a sa ta aiki ba.

Giram ɗin da ake magana na furotin ne, ba nauyin abincin ba. Babban ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara 8, kofin dafaffen wake kusan 15, giram 100 na dafaffen kifi sama da 20, na ƙirjin kaza kusan 30. Mutumin da ya ci ƙwai biyu da yankan burodi biyu da kofin madara da safe, shinkafa da kofin wake da rana, shinkafa da kifi kamar faɗin tafin hannu da dare, ya kai wajen giram 70 ba tare da ya taɓa jan nama ba.

Wa ma'auni ya fi shafa?

Ga baligi mai lafiya da ke samun abinci iri-iri ya ƙoshi, makin DIAAS ba shi ne abin da zai hana shi barci ba, domin cakuɗar abincin ta riga ta cike giɓin. 'Yan rakiyar furotin su suka fi tasiri a kan zuciyarsa da hanjinsa da sukarin jininsa.

Lissafin yana juyewa ga masu ƙaramin ciki da babbar buƙata. Yaron da aka fara ba abinci bayan wata shida cikinsa ɗan ƙanƙane ne. Idan kunun hatsi zalla ne ya cika shi, ya ƙoshi amma laisin da ƙarfe da zinki ba su ishe shi ba. Ɗan ƙwai ko kifi ko nama da aka niƙa a ciki yana kawo bambancin da cokula da yawa na hatsi ba za su kawo ba. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce a riƙa ba su abincin dabba kullum. Mai juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, da mai shayarwa su ma buƙatarsu ta ƙaru.

Tsoho yana fuskantar abu biyu lokaci ɗaya: sha'awar abinci ta ragu, tsokarsa kuma ba ta amsa furotin da sauri kamar ta matashi. Wata tawagar masana ta ƙasa da ƙasa ta ba da shawara a 2013 cewa waɗanda suka haura shekara 65 su samu giram 1.0 zuwa 1.2 a kowane kilo. A gare su abinci mai yawan lusin, tubalin da ke zaburar da ginin tsoka, kuma mai sauƙin tauna, kamar ƙwai da madara da yogot da kifi da awara, ya fi dacewa, a rarraba shi cikin yini maimakon a tara shi a abincin dare. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasa ana ba su giram 1.2 zuwa 2.0, kodayake wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa ribar tsoka tana tsayawa a kusan 1.6.

Masu ciwon ƙoda nasu daban ne. Wanda ƙodarsa ta yi rauni amma bai kai ga wankin ƙoda ba, yawanci ana so ya tsaya a kusan giram 0.8 ya guji wucewa da yawa. Wanda ake yi wa wankin ƙoda kuwa buƙatarsa ƙaruwa take yi, saboda wankin yana ɗebe tubala. Da yake ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma lalacewar kan daɗe ba ta nuna alama ba, mai ɗayansu da ke son ƙara furotin sosai yana buƙatar gwajin ƙoda tukuna.

Lambar da ke jikin kwali

Yanzu ana rubuta "mai yawan furotin" a jikin biskit da abin sha da alawa. Lambar na iya zama gaskiya, amma sai an juya bayan kwalin a duba sukari da gishiri da kitsen da suka biyo ta. Garin furotin da ake tacewa daga ruwan madara ko waken suya yana da maki mai kyau, kuma yana da amfani ga maras lafiya da ba ya iya cin abinci ko ɗan wasa mai babbar buƙata. Sai dai a Amurka, ƙarƙashin dokar 1994, irin waɗannan kayayyaki ba sa buƙatar amincewar hukumar abinci da magunguna kafin su shiga kasuwa. Alhakin tabbatar da abin da ke ciki yana kan kamfanin da ya yi su.

Ita kanta lambar akwai yadda ake samo ta. Hanyar gwajin da aka saba, wadda ta samo asali daga Johan Kjeldahl ɗan ƙasar Denmak a 1883, sinadarin naitirojin take aunawa, sannan a ninka sakamakon da 6.25 a kira shi furotin. Gwajin ba ya bambance naitirojin ɗin madara da na wani abu daban. A 2008 a ƙasar Sin wasu suka tsarma madara da ruwa, suka zuba melamin, sinadarin yin roba mai tarin naitirojin, don lambar ta tashi. Hukumomin ƙasar sun ce jarirai kusan 300,000 ne abin ya shafa, shida suka mutu sakamakon lalacewar ƙoda.